Tsohuwar 404 mai injin aro: yadda aka saye ta da yadda aka tashe ta a Damagaram

Motar da wannan nazari ya shafa Peugeot 404 ce, salun mai ƙofa huɗu, irin wadda mutanen Damagaram ke kira kat-san-kat. Yayana ne ya saye ta, ni kuma aka ɗora mini riƙon littafin aiki, inda nake rubuta abin da aka kwance daga jikinta, abin da aka ɗaura, inda aka samo shi da wanda ya yi aikin. Abin da zan kawo a nan daga wannan littafi ya fito, sai kuma abin da na gani da idona a gareji. Na ga ya dace in rubuta shi domin sha'awar tsofaffin motoci ta fara shiga zukatan wasu matasa a garin nan, kuma kusan duk wadda za su samu a ƙasarmu za ta zo musu da irin matsalar da tamu ta zo da ita, wato yawancin abin da ke jikinta ba da shi ta fito daga masana'anta ba.

An same ta a bayan wani gida a unguwar Zango, an ɗora ta a kan duwatsu a gindin bishiyar bedi tun bayan rasuwar mai ita. Tayoyin sun tsattsage, rairayi ya taru a ƙarƙashinta har ya taɓo ƙofofi, kaji kuma sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Duk da haka siffarta ba ta ɓaci ba, gilasanta duka suna nan lafiya, kuma ƙofofin suna rufuwa ba tare da an daka su ba. Dillalin da ya kai yayana wurin ya tabbatar masa cewa komai nata na asali ne, har ya ƙara da cewa ba a taɓa buɗe injinta ba.

Kafin a shiga cikin cinikin, ya kamata mai karatu ya san matsayin wannan mota a wurinmu. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, shekarar da Nijar ta sami mulkin kai, kuma gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara siffarta. An ci gaba da ƙera salun ɗin a Sochaux da ke Faransa har 1975, ta ɗaukar kaya kuwa, wadda muke kira bashe, an ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991, kuma jimillar da aka ƙera ta haura miliyan 2.8. Ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, abin da ya ƙara mata suna a kan hanyoyin da ba su da kwalta. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, sai kasuwannin Kano suka cika da kayan gyaranta da na ƙanwarta 504. Akwai kuma wata hanyar da ta shigo da ɗimbin irin waɗannan motoci Nijar a shekarun 1970 da 1980: Turawa matasa sukan sayi tsofaffin Peugeot da araha a ƙasashensu, su ratso Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro kudu. Tamu ta wannan hanya ta zo, domin a aljihun gabanta mun sami tsohuwar takardar duwan mai hatimin Agadas, kuma ɗaya daga fitilunta na ɗauke da ƙwai mai haske rawaya, irin wanda doka ta tilasta wa motocin Faransa har 1993.

Kuskuren farko tun ranar farko aka yi shi. Yayana ya je ganin motar da yamma bayan la'asar, ba tare da bakanike ba, ya ɗaga murfin injin ya ga injin a kishingiɗe zuwa gefe ɗaya kamar yadda ya san na 404 yake, sai hankalinsa ya kwanta ya ba da kafin alƙalami nan take, saboda dillali ya ce akwai wani mai so daga Maraɗi. Kwana biyu bayan haka ya bayyana cewa motar tana cikin gadon da ba a raba ba, kuma ɗan da ya karɓi kuɗin ɗaya ne cikin magada da yawa, wasunsu ma ba sa garin. Sai da aka ɗauki makonni ana neman yardar kowa, aka zauna a gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta takardar saye wadda wakilin magada ya sa wa hannu, sannan aka kai ta aka buga mata hatimin hukuma. A ganina wannan jinkiri alheri ne ya zame mana, domin a cikinsa ne aka sami damar kawo wani dattijon bakanike wanda ya koyi aiki tun zamanin da 404 ke jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Kano, kuma shi ne ya riƙe aikin har ƙarshe.

Dattijon ya yi wuni biyu yana duba ta, ba ya cewa komai sai dai ya nuna mini abu da yatsa in rubuta. Da ya gama, jerin abin da ba nata ba ya fi jerin abin da yake nata tsawo. Lagireto na wata motar Japan ne, an lanƙwasa masa ƙafafu an ɗaure. Fankar asali, wadda ke kama kanta idan injin ya yi zafi ta saki idan ya huce, an cire ta an sa ta lantarki, an ja mata waya kai tsaye daga batir ba tare da fis ba. Kujerun gaba na wata mota ne, an yi musu walda da daɓen. Sandar giya, wadda a 404 take jikin sitiyari, an mayar da ita ƙasa, kuma don yin haka sai da aka yanke rami a tsakiyar daɓen. Ragar gaba da tambarin zaki, bambar baya, fitilun baya, hannayen ƙofa uku da sitiyarin kansa duk sun tafi, an maye gurbin wasu, an bar wasu babu. Abin da ya rage na asali shi ne gangar jikin da lambobinta, gilasai, agogunan gaba masu zagaye, akwatin giya, wili huɗu masu noti uku-uku, da aksul ɗin baya, wanda makanikanmu ke kira pon.

Batun injin shi ne babba, kuma dattijon bai yanke hukunci da ido ba duk da cewa ya yi zargi tun kallon farko. Injin 404 na fetur, wanda kamfanin ke kira XC, da injunan 504, wato XM da XN, 'yan gida ɗaya ne, dukkansu a kishingiɗe suke, kuma ana iya ɗora na 504 a mazaunin na 404 ba tare da wahala mai yawa ba, shi ya sa wanda ba gwani ba bai cika rarrabe su ba. Bambancin yana ciki. Faɗin silindar XC milimita 84 ne, tafiyar fistin milimita 73, abin da ke ba da cc 1618, alhali XN1, wato injin 504 mai lita 2, yana da faɗin milimita 88 da tafiyar milimita 81, wato cc 1971. Da aka sami izinin magada aka ɗaga kan injin, dattijon ya sa ma'auni a bakin silinda, ya juyo mini da shi in karanta da kaina. Na karanta 88. Ke nan injin 504 mai lita 2 ne a cikinta, kuma daga yadda datti da tsatsa suka haɗe notocin mazauninsa, ya daɗe ƙwarai a wurin.

A fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan, wanda aka siffanta masa kaya da siffar da ba su da ita, ko aka ɓoye masa aibi, yana da zaɓin fasa ciniki. An koma gaban mai unguwa da wannan magana. Magadan sun rantse ba su san an taɓa canja injin ba, kuma na gaskata su, domin mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da aka yi canjin. Dillalin ne ya faɗi abin da bai sani ba don ciniki ya faɗa. Aka daidaita a kan rage kuɗi, shi kuma ya haƙura da wani ɓangare na la'adarsa, yayana ya zaɓi ya riƙe motar. Da ya san haka tun farko, da kuɗin da zai taya bai kai wanda ya biya ba ko bayan ragin, domin mai saye da ya riga ya ba da kafin alƙalami kuma ya nuna zuciyarsa ta kamu ba shi da sauran ƙarfin ciniki.

Daga nan aka shiga muhawarar da ta tsara duk aikin da ya biyo baya. Yayana yana so a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, a nemo injin XC ko a ina yake. Ya ce wa dattijon: "Baba, ni ƙarar da na sani tun ina yaro nake so in sake ji." Dattijon ya amsa masa: "Malam, wannan injin shi ya riƙe ta da rai. Da an tsaya jiran nata, da tuni 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli." Hujjarsa ta aiki ce. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, saboda haka fistin, ringi, gasket da bututun silinda masu zaruwa, waɗanda ake kira shemis, duk ana samun na XN1 a Kano cikin sauƙi, na XC kuwa sai an yi dace. Injin da ke ciki ma lafiyarsa ƙalau, sabunta ringi da wanke kai kawai yake buƙata. Ni na goyi bayan dattijon, kuma da wani dalili na daban. Wanda ya ɗora wannan injin shekaru da dama da suka wuce bai lalata motar ba, aikin gwaninta ya yi da abin da ke hannunsa, kuma irin wannan aiki shi ne tarihin yawancin motocin ƙasarmu. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na duniya, ta amince da wannan fahimta a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta ɗauki canje-canjen da aka yi wa mota a lokacin da take cikin aikinta a matsayin shaidar tarihinta, ta kuma nemi a rubuta duk abin da aka sauya a wajen gyara.

Abin da aka tsayar shi ne a raba kayan aron gida biyu. Wanda aka yi shi da ilmi kuma bai cutar da motar ba, kamar injin da kafiretarsa, a bar shi a rubuta shi a littafi. Wanda aka yi shi don a tsira da tafiyar yini ɗaya kuma yana da haɗari ko ya ɓata gangar jiki, kamar wayar fanka marar fis, kujerun walda da ramin daɓe, a cire shi. Wannan rabo ya hana mu kashe kuɗi wajen farautar abin da ba a buƙata, ya kuma hana mu fakewa da tarihi mu bar aikin ganganci a jikinta.

Barin injin ya jawo aikin takardu. Katin mallakar motar, wato kart giris, yana nuna doki 9 na haraji, wanda shi ne na 404 mai cc 1618, alhali injin 504 mai lita 2 doki 11 ne. Wasu sun ba da shawarar a yi shiru tunda ba mai buɗe injin a kan hanya, amma yayana ya ƙi, domin kuɗin inshora da harajin shekara suna bin wannan adadi, kuma ranar da aka yi hatsari ne za a gane cewa abin da aka yi wa inshora ba shi ne ke tafiya a kan titi ba. An bayyana canjin a lokacin sauya sunan mai mota, aka yi zirga-zirgar da ta sawwaƙa, aka gyara.

Gangar jiki ita ta ci mafi yawan lokaci da kuɗi. Salun ɗin 404 ba ta da shasi daban wanda ake ɗora bodi a kansa, bodin ne kansa ke ɗauke da nauyi, saboda haka tsatsa a dokin ƙofa ko a mazaunin sifirin na gaba karaya ce a ƙashin motar. Mutane suna ɗauka cewa mota ba ta tsatsa a Damagaram saboda bushewar iska, kuma gaskiya ne cewa rufinta da ƙofofinta sun tsira. Amma wannan mota ta yi rayuwarta ta farko a ƙasar da ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, ta zo da cutar a ɓoye, sannan rairayin da ya taru a ƙarƙashinta ya riƙa riƙe ruwan damina shekara da shekaru. Mai gyaran bodi ya bi jikinta da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ya sa alama da alli, da aka kankare sai ga mastik, wato abin da ake cike lotsawar bodi da shi, mai kaurin yatsa a gindin fukafukan baya. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfe aka ɗinke da sabo, aka toshe ramin daɓe, aka yi wa ƙarƙashi maganin tsatsa. Launin asali a ƙarƙashin robar ƙofa muka same shi, fari mai ɗan ratsin ruwan madara, bayan an kankare fenti hawa uku na baya, kuma da shi aka gwada wajen haɗa sabon.

Ana tsakiyar wannan aiki aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakar Nijeriya, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can. Mai walda ya koma jiran sa'o'in da wuta za ta zo, aikin kwana uku ya zama na mako biyu. Hanyar Kano, inda muka dogara da kasuwar Ƙofar Ruwa wajen kayan injin da na birki, ta toshe har zuwa Maris 2024, kuma ɗan abin da ke ƙetarowa ta bayan fage ya yi tsada, ba a kuma iya mayar da shi idan bai yi daidai ba. Wannan ya tilasta mana neman na kusa. A Mirriya aka kwatanta mana wata matacciyar bashe a bayan wani gareji, muka saye ta a farashin ƙarfe. Daga gare ta muka sami sitiyari da dukkan sandunan giyar hannu, ragar gaba, lagireto da hannayen ƙofa biyu, domin gaban bashe da na salun kusan ɗaya ne. Bayanta kuwa bai amfane mu da komai ba, tunda wilinta noti biyar ne, sifirinta na faranti ne, fitilunta ma daban suke. Abin da ya fi damuna a wannan nema shi ne sau uku ana kai mu wurin da aka ce akwai tsohuwar 404, mu tarar an riga an yanka ta an loda a mota. Ƙarfen da ake sayarwa da kilo yana ƙarar da kayan da ba za a sake ƙera irinsu ba.

Kayan roba ba a neman su a jikin matacciyar mota, domin rana ta gama da su kamar yadda ta gama da namu. Robobin gilashi da na ƙofa da fitilun baya sai daga Faransa aka aiko da su ta hannun wani ɗan'uwa, inda masu sha'awar 404 suke da ƙungiyarsu kuma ake sake ƙera wasu kayan. A birki ba a yi tsimi ba ko kaɗan. Birkin wannan mota layi ɗaya ne, ma'ana idan tiyo ɗaya ya fashe duk ƙafafu huɗu sun rasa birki lokaci guda, saboda haka an sabunta kowane tiyo, kowane bututu da kowace roba, ko da wanda ke wurin yana da kyan gani. Wayoyin lantarki ma gaba ɗaya aka zare su aka ja sababbi, domin ɓeraye sun ci wasu, wasu kuma an yi musu ƙari a kan ƙari har ba a san mafarinsu ba.

Hasarar da ta fi yi mana ciwo ta faɗa ne a kan abin da ya zo mana lafiya. Aksul ɗin baya na salun ɗin 404 ba irin na sauran motoci ba ne. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai murɗaɗɗen zare irin na sukuru, wadda ke juya wani faifai mai haƙora da aka yi da tagulla, kuma sandar a ƙarƙashin faifan take, abin da ya ba da damar saukar da farfela da daɓen motar ƙasa, ya kuma sa tafiyarta ba ta da ƙara. Da yake haƙoran goga juna suke yi maimakon birgima, rayuwarsu gaba ɗaya a kan mai take. Man da aka saba zuba wa wannan aksul daga 'ya'yan zurma ake yin sa, kuma ba ya haɗuwa da man giya na yau da kullum, idan aka gauraya su sai su yi kauri su zama kamar ƙaro. Ƙari a kan haka, yawancin man giyar da ke kasuwa yana ɗauke da sinadarin farar wuta wanda ke cin tagulla idan ya yi zafi. Dattijon ya faɗi wannan sau ɗaya a farkon aiki, yana shinshina tsohon man da ya ɗebo da yatsa, ni kuma ban rubuta ba, saboda a lokacin hankalina yana kan injin.

Da motar ta tashi, dattijon ya tafi ta'aziyya Matamai ya yi kwanaki. Yaron garejin ya ga man aksul ya yi ƙasa, ya ce a sayo, na je da kaina na sayo man giya mai kyau irin wanda ake zuba wa kowace mota, ya cika. Laifin nawa ne, domin yaron bai taɓa buɗe irin wannan aksul ba tunda ya fara koyon aiki, kuma ni aka ba amanar rubuta irin wannan gargaɗi. Aka yi makonni ana zagayawa da ita cikin gari, har aka je Mirriya aka dawo da tsakar rana. A hanyar dawowa aka fara jin gurnani daga baya wanda ke ƙaruwa idan an taka mai, da aka tsaya kuwa ƙwaryar aksul ɗin ba ta taɓuwa da hannu don zafi. Da dattijon ya dawo ya kwance notin ƙasa, abin da ya fito baƙi ne mai yauƙi, yana ƙyalli da garin tagulla. Ya daɗe yana murza shi tsakanin yatsunsa, bai yi faɗa ba, ya ce kawai a kawo masa fitila ya duba haƙoran. Sun cinye ta gefe ɗaya. Abin da ya ƙetare Sahara ya kuma jure shekarun aiki da na zama a gindin bedi, a hannunmu ya lalace cikin 'yan makonni, kuma ƙarfin injin mai lita 2 ya ƙara saurin ɓarnar.

An kawo shawarar a ɗaura aksul ɗin bashe da muke da shi, wanda yake na haƙora irin na kowa kuma yana shan man kasuwa. Dattijon ya ƙi, kuma ya yi daidai bisa ƙa'idar da muka tsayar tun farko. Sai an yanke mazaunan sifirin an yi sababbi, sai an canja wilin baya zuwa mai noti biyar alhali na gaba uku ne, kuma an tsara juyinsa don jan kaya, saboda haka injin zai riƙa kuka a gudun da salun ke tafiya cikin natsuwa. Aka ajiye motar wata da watanni ana cigiya. A ƙarshe wani direban hanyar Agadas ya kawo labarin wata salun da hatsari ya murƙushe gabanta tun da daɗewa, tana yashe a wani gida a Tanut. Sandar da faifan dole a ɗauko su tare, domin sun ci juna sun saba, ba a haɗa na wannan da na waccan. Aka kwanto aksul ɗin ɗungurungum, aka wanke shi tas, aka sabunta boris da robobin hana yoyo, dattijon ya daidaita haƙoran da siraran faranti yana shafa musu shuni don ya ga inda suke haɗuwa. Man da ya dace da shi aka aiko daga waje, aka kuma rubuta gargaɗi da jan fenti a jikin ƙwaryar, da Hausa da Faransanci.

Sauran abin da ba a samu ba, masu sana'ar garin nan ne suka yi shi. Hannun ƙofa na ƙarshe da ya rage, wani mai zubin tukwanen alminiyum ya ɗauki siffar ɗan'uwansa a cikin rairayi ya zuba, aka goge shi har ya yi ƙyalli, ko da yake wanda ya riƙe su biyun zai ji bambancin nauyi. Kujerun gaba daga salun ɗin Tanut aka samo ƙarafunansu, mai ɗinkin kujeru ya cusa su ya rufe da fatar da majeman Damagaram suka jeme, wadda ba irin abin da masana'anta ta sa ba ce, amma ta fi dacewa da zafin watan Afrilu da Mayu fiye da leda. Duk abin da aka ƙera a nan an buga masa ƙaramar alama ta ciki inda ido ba ya gani, an kuma shigar da shi littafi da sunan sana'ar wanda ya yi shi, don kada wata rana wani ya sayar da shi da sunan na asali ko da bisa rashin sani, kamar yadda ya faru da mu.

Da na tattara lissafi, kuɗin gyara ya ninka kuɗin saye fiye da sau uku. Bodi da fenti suka ɗauki kaso mafi girma, sai birki da kayan roba da kuɗin aiko su, sai aksul ɗin da muka saya sau biyu saboda sakacina. Injin da aka fi yin gardama a kansa shi ya ci mafi ƙaranci. Ba na zaton za a mayar da wannan kuɗi idan aka sayar da ita a nan, kuma mai tara motoci daga waje zai rage mata daraja saboda injin, wannan kuwa yayana ya san da shi. Wani baƙo daga Yamai ya gan ta a ƙofar masallacin Juma'a ya biyo mu gida yana taya ta, tambayarsa ta farko ita ce ko komai nata na asali ne. Yayana ya ce in ɗauko littafin, baƙon ya zauna a zaure ya karanta shi tun daga takardar magada har zuwa shafin man aksul, ya rage tayinsa, yayana ya ce albarka.

Yanzu tana fita sau biyu ko uku a mako, ba a wuce gudun da ya dace da birkinta da ita, kuma ana duba man aksul kafin kowace tafiya da ta wuce cikin gari. Bambar baya har yau ta aro ce, fankar asali ba a same ta ba, sai dai an sa wa ta lantarkin fis da makunnin zafi. Salun ɗin Tanut ta zo mana da wani abu da ba mu nema ba: injinta, wanda hatsarin ya fasa wa kafireta da famfon ruwa amma bai taɓa gangarsa ba. Dattijon ya ɗaga kansa ya auna, ya sami milimita 84. Fistin biyu sun kafe, kuma ba a san halin da ƙasansa yake ciki ba sai an buɗe. Yana nan a kusurwar zaure a kan tsohuwar taya, an cika silindoginsa da mai an lulluɓe shi da buhu, yayana da dattijon kuma ba su riga sun daidaita a kan ko za a tashe shi ba.